Kasuwar da Ba a Cewa Albarka

Ƙarfe biyun dare a Garwa,
zafi bai sauka daga kwanon rufi ba.
Na jingina da bangon shagon Bappa Siddiki,
nan ne sabis yake ɗan tsayawa,
caji saura goma sha ɗaya,
na shiga garin da ba ya kan taswira.

A can ni maƙeri ne.
Kwana tara ina haƙar tagulla a wani kogo
har babban yatsana ya yi kanta,
data ta jaka biyu ta tsotse
kamar ruwa a yashin Binuwai da bazara.
Na ƙera takobi guda, mai shuɗin baki,
na kai shi kasuwa, na yi masa kuɗi:
zinariya ɗari tara.

Kafin in ƙifta ido
wani ya ajiye irinsa, ɗari tara ba ɗaya.
Na rage biyu, ya sauka ƙasana da ɗaya.
Na rage goma, ya sauka da ɗaya.
Kullum ɗaya,
kamar ɗigon famfon da ya ƙi ɗauruwa.

Na rubuta masa: Sannu da kasuwa.
Shiru.
Na gwada Faransanci, na gwada Fulatanci,
har na ɗan zage shi, Allah ya yafe mini.
Sunansa haruffa da lambobi, kamar na bayan babur.
Ba ya gaisuwa, ba ya fushi,
ba ya tashi kama ruwa,
wuta ba ta ɗaukewa a garinsu.

Innarmu busasshen kifi take sayarwa a bakin gada.
Da muryarta na girma: Albarka, ƙara dai.
Mai saye ya juya kamar zai tafi,
ta bar shi ya yi taku uku kafin ta kira shi,
su yi dariya, ta ɗora masa gyara.
Ranar da mijin Dudu ya rasu
ta auna mata, ta tura kuɗin ƙarƙashin tabarma
ba ta ƙirga ba.

Hamajoda, wanda ya karanci kwamfuta a Ngaundare,
ya leƙa wayata, ya tuntsire da dariya:
Kai da wa kake ciniki?
Ai wannan ba mutum ba ne, inji ne.
Kawo jaka biyar in ɗaura maka naka.

Kwana uku ina cewa a'a.
Ran na huɗu na ranto a wurin Bappa.

Yanzu ina barci, nawa yana kasuwa.
Da asuba in tarar zinariya ta taru
kamar wanda aljanu suka yi wa gayya a gona.
Wani lokaci nakan shiga in tsaya kallo:
farashi na hawa, farashi na sauka,
kaya na sauya hannu, ba a ga hannun ba,
rumfuna maƙil, babu ko mai tari.
Kogon tagullar ma na manta hanyarsa.

Daren jiya wani, ban san ƙasarsu ba,
ya ajiye takobi, ɗari tara.
Nawa ya sauka da ɗaya.
Ya rage biyar, nawa ya sauka da ɗaya.
Sai saƙo ya faɗo, da Faransanci mai ɗingishi:
Sannu. Don Allah. Na daɗe a kansa.

Na riƙe wayar har ta gasa mini tafi.
Hamajoda bai nuna mini inda ake tsayar da shi ba,
ni ma ban tambaya ba.

An kira assalatu a masallacin Yelwa.
Inna ta jawo kwandonta bakin ƙofa
ta ce in zo in ɗora mata.
Na sa hannu biyu na ɗaga,
ƙarnin kifi ya bi ni har gwiwar hannu,
wayar tana aljihu,
tana ta rage masa ɗaya.